DARASIN KIMIYYA: ME KE TSINKA KUNU? LABARIN ENZAYIM DA ABIN DA YAKE SARRAFAWA

  

Darasinmu na wannan wata zai fara da wani abu da kowace uwa ta sani. Uwa ta dama kunu mai kauri. Ta zuba wa yaro a kofi. Yaro yana sha da cokali, yana mayar da cokalin cikin kofi. Kafin a jima sai kunun ya tsinke, ya zama ruwa tsululu. Ba wanda ya ƙara masa ruwa. Ragowar kunun da ke cikin ƙwarya kuwa yana nan da kaurinsa. To, me ya tsinka na cikin kofi?

Tsofaffi za su ce yawu ne ya taɓa shi. Gaskiyarsu. Amma mene ne a cikin yawun da ke yin wannan aiki? Amsar wannan tambaya ita ce darasinmu. Wanda ya gane ta zai san yadda zai ƙosar da yaronsa. Zai san yadda zai tsare iyalinsa daga dafin rogo. Zai kuma san yadda zai hana takinsa na zamani bin iska. Saboda haka a karanta a hankali. Wanda ya gama ya karanta wa maƙwabcinsa.

MENE NE ENZAYIM?

A cikin yawu akwai wani sinadari ƙarami ƙwarai. Ido ba ya ganinsa. Masana kimiyya suna kiran irinsa da suna enzayim. Ba a cikin yawu kaɗai yake ba. Akwai shi a cikin ciki da hanji da hanta da jini. Akwai shi a jikin dabbobi da tsirrai. Akwai shi a jikin ƙananan halittun nan da ke cikin ƙasa da ruwa. Duk abu mai rai yana ƙera nasa. A jikin ɗan Adam kaɗai akwai iri dubbai.

Aikin enzayim shi ne gaggauta canji. Abin da zai ɗauki shekaru kafin ya sauya da kansa, enzayim zai sauya shi nan da nan. Wani enzayim yankawa yake yi, ya mai da babban abu ƙanana. Wani kuma haɗawa yake yi, kamar tela, ya mai da ƙanana su zama babba. Da haka abinci ke narkewa. Da haka yaro ke girma. Da haka ciwo ke warkewa, iri kuma ya tsira.

Abin da enzayim ke aiki a kansa, Turawa suna ce masa sabstiret. Mu a wannan darasi za mu kira shi abin sarrafawa. Abin da ya fito bayan an gama aiki kuma za mu ce masa sakamako. Ke nan abu uku za mu riƙe: enzayim, da abin sarrafawa, da sakamako.

Mu koma ga kununmu. Enzayim ɗin da ke cikin yawu sunansa amilas. Abin sarrafawarsa shi ne sitaci. Sitaci ne ke cike da gero da dawa da masara da shinkafa da rogo. Shi ne ke ba kunu kauri. Sitaci kamar dogon carbi yake, wanda kowace ƙwayarsa sukari ce. Amilas yana bin wannan carbi yana tsittsinka shi. In carbin ya zama guntu-guntu, sai kauri ya tafi, zaƙi ya fito. Sakamakon ke nan.

Gani ya kori ji. Ka ɗauki lomar shinkafa dafaffiya wadda ba miya, ko gutsuren burodi. Ka yi ta taunawa har minti biyu ko uku, kada ka haɗiye. Za ka ji ɗan zaƙi ya fara fitowa. Ba wanda ya sa maka sukari. Amilas ne ya yi aikinsa a bakinka.

KOWANE KWAƊO DA MABUƊINSA

Ga babbar magana a wannan darasi. Kowane enzayim yana da nasa abin sarrafawa. Ba ya taɓa na wani.

Ka dubi kwaɗon ƙofar rumbunka. Mabuɗinsa ɗaya ne. Mabuɗin shagon maƙwabcinka ba zai buɗe shi ba, ko da ƙarfensu iri ɗaya ne. Dalili shi ne haƙoran mabuɗin ba su dace da cikin kwaɗon ba. Haka enzayim yake. A jikinsa akwai wani ɗan gurbi mai siffa ta musamman. Abin da siffarsa ta dace da gurbin ne kaɗai zai shiga. In ya shiga sai a yanka shi, ko a haɗa shi da wani. Daga nan sakamako ya fita, gurbi ya zama fanko, wani ya shigo.

Wani masani Bajamushe mai suna Emil Fischer ne ya kawo wannan misali na kwaɗo da mabuɗi a shekarar 1894. A shekarar 1958 wani masani ɗan Amurka, Daniel Koshland, ya yi ƙarin bayani. Ya nuna cewa gurbin ba a sandare yake kamar ƙarfe ba. Yana ɗan lanƙwasawa ya rungumi abin sarrafawa, kamar yadda hannu ke damƙe ƙotar fartanya.

A lura da wani abu kuma. Mabuɗi ba ya ƙarewa don ya buɗe ƙofa. Gobe ma zai buɗe, jibi ma haka. Enzayim ma ba ya ƙarewa a wurin aiki. Yana gama wannan sai ya kama wancan. Shi ya sa ɗan yawun da ya manne a cokali ya isa ya tsinka kofi guda na kunu.

Ga misalai daga jikinmu:

1. Amilas yana aiki a kan sitaci. Yana farawa a baki, wani kuma ya ci gaba a cikin hanji.
2. Fefsin yana cikin ciki. Yana aiki a kan furotin, wato abin gina jiki da ke cikin nama da kifi da ƙwai da wake.
3. Lifas yana aiki a kan mai da kitse, kamar man gyaɗa da man shanu.
4. Laktas yana cikin hanji. Yana aiki a kan sukarin da ke cikin madara.

Amilas ba ya narkar da nama. Fefsin ba ya narkar da tuwo. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Wannan ya bayyana mana wasu abubuwa da muke gani kullum. Wasu manya in sun sha ɗanyar madara sai cikinsu ya yi ta ƙugi, ya kumbura, ko su yi zawo. Laktas ne ya ragu a hanjinsu bayan sun girma. Amma da yawansu suna shan nono mai tsami lafiya lau. Dalili shi ne ƙananan halittun da suka sa nonon tsami sun riga sun cinye wani kaso na sukarin.

Me ya sa saniya ke ƙoshi da ciyawa, mutum kuwa ba zai ƙoshi da ita ba? Ita ma ciyawa da carbin sukari aka gina ta. Amma ƙullin carbinta dabam yake da na sitaci. Mabuɗinmu bai dace da shi ba. Dabbobi masu tuƙa, wato shanu da tumaki da awaki, suna da ƙananan halittu masu ɗimbin yawa a cikin tumbinsu. Su ne ke da enzayim ɗin da ke kwance wannan ƙulli.

Haka mai girki ke naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda, ko ta dafa shi da ɗanyar gwanda. A cikin farin ruwan gwanda akwai enzayim mai suna fafayin. Abin sarrafawarsa furotin ne, shi ya sa naman ke laushi. Mai yin daddawa ma da enzayim take aiki. Bayan ta dafa kalwa sai ta rufe ta a wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku. Ƙananan halittu su yaɗu a ciki, enzayim ɗinsu ya farfasa furotin na kalwar. Daga nan laushi da ƙamshin daddawa ke fitowa.

ABIN DA ENZAYIM KE SO DA WANDA BA YA SO

Enzayim ma'aikaci ne mai sharuɗɗa. In ba a cika masa su ba, ba zai yi aiki ba.

Na ɗaya, haɗuwa. Dole ya haɗu da abin sarrafawarsa. Mabuɗin da ke cikin aljihu ba ya buɗe ƙofa. Shi ya sa tauna da daka da niƙa da gurza suke da amfani.

Na biyu, ruwa. A busasshen wuri enzayim barci yake yi. Hatsi na iya shekara a rumbu bai tsira ba. Ranar da laima ta taɓa shi sai enzayim ɗin cikinsa ya farka.

Na uku, ɗumi. Sanyi yana rage masa sauri, ɗumi yana ƙara masa. Enzayim na jikinmu sun fi jin daɗin aiki a zafin jikin mai lafiya, wato wajen digiri 37 a ma'aunin zafi. Shi ya sa nono ke saurin tsami da bazara, amma da hunturu ya daɗe.

Na huɗu, zafi mai yawa yana lalata shi. Kusan duk enzayim da furotin aka yi su, irin na farin ƙwai. Ka dafa ƙwai ka gani. Farin zai daskare, kuma ba zai sake komawa ruwa ba har abada. Haka tafasa ke yi wa yawancin enzayim. Gurbinsa ya lauye kamar mabuɗin da aka sa a maƙera. Daga nan ya tashi aiki.

Na biyar, tsami. Kowane enzayim da irin tsamin da yake so. Fefsin yana son tsamin cikin ciki. Amilas na yawu kuwa yana daina aiki in tsamin ciki ya ratsa abinci.

Na shida, lokaci. Enzayim yana da sauri, amma in aiki ya yi yawa sai an ba shi lokaci.

Yanzu bari mu ga yadda wannan ilimi zai amfane mu a gida da gona.

AMFANI NA ƊAYA: KUNUN YARO

Daga wata shida yaro yana bukatar ƙarin abinci tare da nonon uwa. Matsalar ita ce cikinsa ƙarami ne. In kunu ya yi kauri ba ya iya haɗiyewa. Sai uwa ta ƙara ruwa da yawa don ya sha. Yaro ya cika cikinsa, amma rabin abin da ya sha ruwa ne. Kwana da kwanaki sai a ga yana ramewa, alhali kullum yana shan kunu.

Maganin wannan yana cikin gidanmu, wato garin tsiro. Lokacin da ƙwayar hatsi ke tsira, tana ƙera amilas mai yawa, don ta mai da sitacinta sukari ta ciyar da sabon tsiro. Masu kunun zaƙi sun daɗe da sanin haka. Shi ya sa suke sa tsiro ko dankali a cikin kununsu. A ƙasar Tanzaniya ma'aikatan lafiya sun daɗe suna koya wa iyaye mata amfani da garin tsiro a abincin yara. A irin wannan tsiro na hatsi ne wasu masana biyu na ƙasar Faransa suka fara ware enzayim a shekarar 1833.

Ga yadda ake yi:

1. A wanke gero ko masara mai kyau, a jiƙa ya kwana.
2. A tsane shi, a baza a kan tsumma mai tsabta, a rufe da wani tsumma mai laima.
3. A riƙa yayyafa ruwa har kwana biyu ko uku, sai ya tsira.
4. A shanya a rana ya bushe sarai.
5. A murje saiwa da kan tsiron a fece su, sannan a niƙa. A ajiye garin a gwangwani mai murfi.
6. A dama kunu mai kauri sosai. A bari ya ɗan huce.
7. A zuba ƙaramin cokali ɗaya na garin tsiro a kofi ɗaya na kunu, a motsa. Cikin 'yan mintoci zai tsinke.
8. A mayar da shi wuta ya tafasa, don a kashe ƙwayoyin cuta. In ya huce a ba yaro.

A lura da mataki na 6 da na 8. In an zuba garin a kunu yana tafasa, zafi zai lalata amilas kafin ya gama aiki. Sai ya gama aikinsa sannan a tafasa. Kunun da aka yi haka yana shiga bakin yaro da sauƙi, kuma garin da ke ciki bai ragu ba. In an ƙara masa ƙullin gyaɗa ko garin waken soya dafaffe ko ɗan mai, ya fi gina jiki.

Gargaɗi: saiwa da kan tsiron dawa suna da dafi. Saboda haka gero ko masara sun fi dacewa da abincin yaro. Kada kuma a ce tunda yawu na tsinka kunu, a tauna wa yaro abinci ko a lashi cokalinsa. Yawun babba na iya ɗauke da cuta.

AMFANI NA BIYU: ROGO MAI ƊACI

Nan ne maganar ta kai ga rai da mutuwa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya. Rogo yana jure fari, yana ceton iyali a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Amma kowane rogo yana da dafi a jikinsa. Na rogo mai zaƙi kaɗan ne, kuma ya fi taruwa a ɓawo. Na rogo mai ɗaci yana da yawa, kuma ya ratsa har tsokar. A shekarar fari dafin yana ƙaruwa.

Ga yadda abin yake. A cikin rogo akwai wani sinadari mai suna linamarin. Kamar kwaɗo yake, an kulle guba a cikinsa. Gubar sunanta sayanayid. A cikin rogon kuma akwai mabuɗin, wato enzayim mai suna linamaras. Amma Allah cikin ikonsa ya raba musu ɗaki. Muddin rogon yana nan lafiyayye, ba sa haɗuwa.

In aka gurza rogo, ko aka daka shi, ko aka jiƙa shi har ya yi laushi, bangon ɗakunan ya rushe. Mabuɗi ya haɗu da kwaɗo. Guba ta fito. Wata ta bi ruwan da aka matse. Wata ta bi iska lokacin shanya da suya, domin sayanayid ba ya jure zafi, tashi yake yi. Abin da muke so ke nan: gubar ta fito a waje, kafin rogo ya shiga ciki.

To, ina haɗarin yake? Haɗarin yana cikin gaggawa. A ce yunwa ta matsa, an tono rogo mai ɗaci, an jefa a tukunya gaba ɗayansa. Tafasa za ta lalata linamaras. Mabuɗi ya lalace, amma kwaɗo da yawa suna nan a kulle da gubarsu. Mutum ya ci. A cikin hanjinsa akwai ƙananan halittu masu irin wannan mabuɗi. Su sai su buɗe kwaɗon a cikin cikinsa. Haka kuma in an tsame rogo daga ruwa bayan kwana ɗaya, ko an shanya shi sama-sama, aikin bai ƙare ba.

Alamun dafin rogo suna fitowa cikin 'yan awoyi bayan cin abinci. Su ne ciwon kai, jiri, amai, ciwon ciki, kasala da numfashi sama-sama. Yara sun fi saurin galabaita. In an ga haka, musamman in mutum fiye da ɗaya ne a gida, a garzaya asibiti. A gaya wa ma'aikacin lafiya cewa rogo aka ci. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Akwai kuma cutar da ake kira konzo. Tana kama mutanen da suka yi makonni suna cin rogo mai ɗaci wanda ba a gyara da kyau ba, kuma ba su samun abincin gina jiki. Ƙafafu ne ke sandarewa farat ɗaya, kuma ba sa komawa daidai. Ta fi kama yara da mata masu haihuwa. An fara bayyana ta a ƙasar Kwango a shekarar 1938. A shekarar 1981, lokacin fari, ta kama mutum fiye da 1,000 a arewacin ƙasar Mozambik. An same ta kuma a Tanzaniya da Kamaru da Afirka ta Tsakiya. Ba ta da magani, sai rigakafi.

Hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya sun sa iyaka. Sun ce kada gubar ta wuce miligiram 10 a kowane kilo na garin rogo. Mu a ƙauye ba mu da na'urar awo. Abin da muke da shi shi ne bin ƙa'ida:

1. A fere rogo, a cire ɓawo duka.
2. In alabo za a yi, a yayyanka a jiƙa, ruwa ya rufe shi, kwana 3 zuwa 5, sai ya yi laushi ana iya murje shi da hannu. Da hunturu a ƙara kwana. Sannan a farfasa a shanya ya bushe ƙayau.
3. In garin kwaki za a yi, a gurza da laushi, a zuba a buhu, a danne da dutse kamar kwana 3. Sannan a tankaɗe a soya sosai.
4. In rogo mai zaƙi ne na dafawa, a fere, a yanka ƙanana, a dafa da ruwa mai yawa, a zubar da ruwan.
5. Ganyen rogo a daka shi tukuna, sannan a dafa sosai, tukunya a buɗe.
6. Kada yara su ci ɗanyen rogo. Kada dabbobi su sha ruwan jiƙon rogo, ko su ci ɗanyen ɓawon mai ɗaci.

In an sayo garin alabo a kasuwa kuma ana shakkarsa, akwai dabara. A kwaɓa garin da ruwa. A baza shi a tabarma ko faranti, kaurinsa kada ya wuce faɗin farce. A bar shi awa 5 a inuwa, ko awa 2 a rana. Sannan a tuƙa. Ruwan yana farkar da ragowar linamaras da ke cikin garin, ya ƙarasa aikinsa, gubar ta bi iska. An koya wa mata wannan dabara a ƙauyukan Kwango, kuma ta taimaka wajen tsayar da konzo.

Jikinmu ma yana da nasa mai gadi. A cikin hanta akwai enzayim mai suna rodanis. Yana kama ɗan sayanayid da ya shiga jiki, ya sauya shi, ya fita ta fitsari. Amma yana bukatar wani sinadari da ake samu daga furotin. Saboda haka kada a ci rogo tsurarsa kullum. A haɗa da wake ko gyaɗa ko kifi ko ƙwai. A kuma yi amfani da gishiri mai aidin, domin yawan cin rogon da ba a gyara ba yana ƙara maƙoƙo a inda aidin ya yi ƙaranci.

Makiyaya su ma su kula. Ƙaramar dawa da gyauron dawa suna da irin wannan kwaɗo da mabuɗi, musamman in fari ya taɓa su. Dabba tana taunawa, su haɗu, guba ta fito a tumbinta. Abin da ke kashe shanu da awaki a gonar gyauro ke nan. Karan da ya bushe sarai haɗarinsa kaɗan ne.

AMFANI NA UKU: TAKIN YURIYA

Manomi ya sayi buhun yuriya da tsada. A cikin kowane kilo 100 na yuriya akwai kilo 46 na naitirojin, wato abincin da ke sa ganye ya yi kore shar. Amma sai an sauya yuriya tukuna shuka ke cin moriyarsa sosai. Mai wannan aiki shi ne enzayim mai suna yuriyas. Yana nan a cikin ƙasar kowace gona, ƙananan halittu ne ke ƙera shi. Shi ne enzayim na farko da aka tace tsantsarsa. Wani masani ɗan Amurka, James Sumner, ya tace shi daga wani irin wake a shekarar 1926, ya nuna cewa furotin ne.

Yuriyas yana sauya yuriya ya zama amoniya. Amoniya iska ce mai hawa kai, irin warin da ake ji a makewayi ko turken dabbobi. In takin yana cikin ƙasa, ƙasa za ta riƙe amoniyar, saiwa ta sha. In an watsa shi a sarari, ga laima ga zafin rana, wani kaso zai tashi sama. Kuɗin manomi ya bi iska ke nan.

Saboda haka a sa yuriya lokacin da ƙasa ke da laima. A yi ɗan rami kamar faɗin tafin hannu daga gindin shuka. A zuba, a rufe da ƙasa. Kada ya taɓa kara ko ganye, don yana ƙonawa. A rufe bakin buhu da kyau, a ajiye a busasshen wuri. Don sanin yawan da za a sa, a tuntuɓi malamin gona.

SABABBIN KALMOMI

Enzayim: sinadarin da abu mai rai ke ƙerawa don gaggauta canji.
Abin sarrafawa: abin da enzayim ke aiki a kansa.
Sakamako: abin da ya fito bayan aikin enzayim.
Sitaci: abin da ke ba kunu da tuwo kauri.
Furotin: abin gina jiki.
Sayanayid: gubar da ke fita daga rogo da gyauron dawa.

TAMBAYOYI

1. Me ke tsinka kunun da yawu ya taɓa?
2. Me ya sa amilas ba ya narkar da nama?
3. Rubuta abu uku da enzayim ke bukata kafin ya yi aiki.
4. Me ya sa ba a zuba garin tsiro a kunu yana tafasa?
5. Kwana nawa ake jiƙa rogo mai ɗaci?
6. Me ya sa ake binne takin yuriya?

AIKIN AJI

Malamin aji ya sa a kawo kunu mai kauri mai ɗumi, da garin tsiro, da kofi uku. Kofi na ɗaya a bar shi haka nan. Na biyu a sa masa cokali ɗaya na garin tsiro. Na uku a sa masa garin tsiron da aka riga aka tafasa da ɗan ruwa. A jira minti 10. Kowane ɗalibi ya rubuta abin da ya gani a littafinsa, ya kuma faɗi dalili.

'Yan uwa, iyayenmu mata sun daɗe suna jiƙa rogo, suna yin tsiro, suna rufe daddawa. Ba su san sunan enzayim ba, amma sun san a ba kowane aiki kwanakinsa. Mu da muka yi karatu, mun san dalili yanzu. Ko yunwa ta matsa, kada a rage wa rogo kwana. Sauri ya haifi nawa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.